Michael Cardew: Baturen Ingila da Ya Zo Koyar da Ginin Tukwane, Ya Tarar da Gwanaye

Idan watan Afrilu ya kama a N'Djamena, zafin rana kan haura digiri 40, iska ta tsaya cik, ko inuwar ma ta ɗau ɗumi. A irin wannan rana babu abin da ya kai randar da ke kusurwar tsakar gida daraja. Ku tsoma moɗa ku ɗebo, ku kurɓa, sanyin ya ratsa ku har ƙafa. Randar ba ta neman lantarki, ba ta cin gas. Yumɓu ne da wuta da hannun wadda ta gina ta. To amma sau nawa muke tambayar wace ce mai wannan hannu?

Akwai wani Baturen Ingila da ya yi wannan tambaya fiye da shekara 70 da suka wuce, amsar da ya samu kuma ta juya masa rayuwa. Sunansa Michael Cardew. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauke shi aiki a Nijeriya domin ya gyara sana'ar ginin tukwane, sai ya iske matan da shi da kansa ya sallama musu. Ga abin da ya kamata ku sani game da shi, da kuma dalilin da ya sa labarinsa ya shafi mutumin Chadi.

Wane ne Michael Cardew?

An haife shi ranar 26 ga Mayu, 1901, a unguwar Wimbledon da ke Landan. Gidansu gidan 'yan boko ne masu rufin asiri, shi ma ya bi sahu har Jami'ar Oxford, inda ya karanta harsuna da falsafar tsoffin Girkawa da Romawa. A wancan zamani, mai irin wannan karatu kujerar ofis ake jira ya hau.

Sai dai tun yana yaro iyayensa kan kai su hutu yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila. A can, a ƙauyen Fremington, akwai wani tsohon magini mai suna Edwin Beer Fishley, wanda yake gina tuluna da kwanukan da manoma ke amfani da su kullum. Son waɗannan kaya ya shiga ran yaron, bai kuma fita ba. Yana ɗalibin jami'a ya je wurin jikan tsohon, William Fishley Holland, ya fara koyon sana'ar.

A 1923 ya tafi garin St Ives da ke bakin teku, ya zama almajirin farko na Bernard Leach, wani magini da ya koyo aikin a Japan. Ya yi shekara 3 a hannunsa. A 1926 ya samu wata tsohuwar ma'aikatar tukwane da aka yi watsi da ita kusa da garin Winchcombe, ya farfaɗo da ita. Burinsa a bayyane yake: ya gina kaya masu kyau da hannu, ya sayar da araha yadda talaka zai iya ci da sha a ciki. A 1939 ya koma Wenford Bridge a yankin Cornwall, wurin da ya zama gidansa har ƙarshen rayuwarsa.

Magini ne ko mai sassaƙa?

Wannan tambaya tana bisa hanya. Mai sassaƙa shi ne wanda ke fitar da siffa daga dutse ko itace ko ƙarfe ko yumɓu domin a kalla. A Ingila sunayen da suka fi fice a wannan fanni su ne Henry Moore da Barbara Hepworth. Magini kuwa mazubi yake yi: tulu, kasko, faranti, butar shayi. Cardew magini ne, kuma yana alfahari da hakan. Abin da yake nema shi ne a ci tuwo a cikin kwanonsa, a sha ruwa a kofinsa.

Duk da haka sana'o'in biyu 'yan ɗaki ɗaya ne. Dukansu aikin siffa ne, ido ke aunawa, hannu ke gyarawa. Mutanen Sao da suka zauna a bakin kogin Shari, da yumɓu guda suka gina manyan randuna suka kuma gina ƙananan siffofin mutane da dabbobi. Yau gidajen tarihi na duniya suna ajiye tulun da gwani ya gina a ɗaki ɗaya da aikin manyan masu sassaƙa. Cardew na cikin mutanen da suka sa hakan ta faru.

Me ya kawo shi Afirka?

Yaƙin Duniya na Biyu ne sanadi. Jiragen ruwa sun daina kawo kaya daga Turai yadda aka saba, sai hukumomin Gold Coast, ƙasar da ake kira Ghana yanzu, suka so a riƙa yin kwanuka da kofuna a gida. A 1942 aka kira Cardew Kwalejin Achimota, aka ba shi ragamar wata babbar ma'aikata a Alajo, kusa da Accra. Aikin bai yi nasara ba, aka rufe ma'aikatar a 1945.

Bai koma gida ba. Da kuɗin aljihunsa ya kafa ƙaramin wurin aiki a Vume, wani ƙauyen mata magina a bakin kogin Volta. Ya yi shekara 3 yana fama da yumɓun da ke fashewa a wuta, da ciwo, da rashin kuɗi, har ya koma Ingila a 1948. Wani zai ce shekaru 6 sun tafi a banza. Amma a nan ya koyi darasin da ya riƙe har mutuwa: kowace ƙasa da halin yumɓunta, kuma wanda bai san duwatsun wuri ba, ba zai iya toya tukunyar wurin ba.

Me ya sa ya zaɓi Abuja?

A 1950 gwamnatin Nijeriya ta naɗa shi jami'in kula da sana'ar tukwane a Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu. Aikinsa na farko shi ne ya zagaya ƙasar ya ga abin da ake yi. Ya shiga kasuwanni da ƙauyuka, ya zauna ya kalli magina. Rahoton da ya rubuta ya zo da abin da shugabanninsa ba su zata ba. Ya nuna cewa tukwanen gargajiya sun cika aikin da aka yi su dominsa, suna da araha, suna da kyau, don haka a bar su yadda suke. Abin da ya ba da shawara shi ne a ƙara sabon reshe: a koyar da matasa yin faranti da kofi da butar shayi irin waɗanda ake sayowa daga waje.

Ku lura, Abujar da ake magana ba babban birnin tarayya na yanzu ba ne. Tsohuwar Abuja ce, masarautar da Hausawan Zazzau suka kafa a ƙarni na 19 bayan jihadi. Da aka yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai birnin ya ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja, a Jihar Neja.

Garin yana da yumɓu mai kyau, da ruwa, da itacen wuta, ga kuma ƙauyukan Gwari kewaye da shi, inda mata suka gaji ginin tukwane kaka da kakanni. Abin da ya fi duka shi ne Sarkin Abuja, Alhaji Suleimanu Barau, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Sarkin mai son aikin hannu ne, yana tara tulunan gwanaye a fadarsa. Da goyon bayansa Cardew ya fara gina Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta Abuja a 1951.

Mene ne sabon abin da ya kawo?

Abubuwa 3 ne, kuma kowanne yana da sauƙin fahimta.

Na farko keken gini. Faifai ne mai juyawa, ana tura shi da ƙafa. Magini ya ɗora curin yumɓu a tsakiya, faifan yana juyi, shi kuma yana jan yumɓun sama da yatsunsa har ya zama kwano. Amfaninsa sauri, da kuma fitar da kaya masu girma ɗaya.

Na biyu tanderun toyi. Maginanmu a fili suke toya tukwane. Su jera su, su lulluɓe da itace da kara da ciyawa, su cinna wuta, cikin ɗan lokaci an gama. Zafin irin wannan wuta yakan tsaya wajen digiri 600 zuwa 800. Tanderun Cardew kuwa ɗaki ne na bulo mai riƙe zafi, ana ciyar da shi itace yini da kwana har ya haura digiri 1,200. A wannan zafi ƙwayoyin yumɓu suna narkewa su manne da juna, tukunyar ta yi tauri kamar dutse, idan kun ƙwanƙwasa ta sai ta yi amo.

Na uku ruwan ƙyalli. Shi ne santsin da kuke gani a jikin kofin tangaran. Ana haɗa shi da garin wasu duwatsu, da farar ƙasa, da tokar itace, a dama da ruwa, a tsoma kayan a ciki. Idan wuta ta kai, sai haɗin ya narke ya zama siririn gilashi a jikin kwanon. Cardew ya dage a samo waɗannan kayan haɗi a cikin Nijeriya, ya yi shekaru yana gwada duwatsu da ƙasa daga wurare dabam-dabam. Akwai wata fa'ida ta lafiya a nan. Tsohon ruwan ƙyallin da ake toyawa da ƙaramar wuta sau da yawa da dalma ake haɗa shi, dalma kuwa guba ce idan ta shiga abinci. Na babbar wuta ba ya buƙatar ta.

To me ya sa ruwan randa ke sanyi, na tangaran ba ya yi?

Domin randar da aka toya a fili tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, shi ya sa kuke jin jikinta da laima. Iska tana busar da laimar, bushewar kuma tana tafiya da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. A wuri mai busasshiyar iska irin N'Djamena wannan dabara ta fi aiki.

Waɗannan ƙofofi su ne kuma ke ba tukunyar miya damar zama a kan murhu ba tare da ta tsage ba. Tangaran da aka toya da babbar wuta ba shi da ƙofofin. Ba ya yoyo, yana da sauƙin wanki, amma ba ya sanyaya ruwa, kuma idan kun ɗora shi kai tsaye a kan wuta zai iya fashewa. Kun ga ke nan kowanne da ranarsa. Abin da Cardew ya gane ke nan tun 1950, lokacin da jami'ai da yawa ke kallon tukunyar ƙauye a matsayin alamar ci baya.

Wace ce Ladi Kwali?

A fadar Sarki Suleimanu Barau Cardew ya fara ganin tulunanta, tun bai san ta ba. An haife ta wajen 1925 a ƙauyen Kwali, a ƙasar Gwari, ta koyi sana'ar tun tana yarinya a cikin danginta. Ba ta amfani da keke. Takan ajiye curin yumɓu, ita ce ke zagaya shi tana jan bangon sama, tana ƙara yumɓu zara-zara, har tulu ya tashi cif kamar an auna. Sannan ta zana masa ƙadangare, kunama, kada, kifi, tsuntsu da hawainiya.

A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ta koyi keke, ta riƙa yin faranti da kwanuka. Amma abin da ya ɗaga sunanta shi ne manyan tulunan Gwari da ta ci gaba da ginawa da hannu, sai dai yanzu ana cike zanen da farar ƙasa, a shafa ruwan ƙyalli, a toya a tanderu. Tulun ya yi nauyi, ya daina sanyaya ruwa, ya tashi daga kayan rafi ya koma abin kallo. An samu wani abu, an kuma rasa wani, kuma ya kamata a faɗi duka biyun.

An baje kolin kayan Abuja a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ladi Kwali ta je Ingila ta gina tulu a gaban jama'a, a 1972 kuma ita da Cardew suka zagaya Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi karatun boko ba. A 1980 ta samu lambar yabo ta ƙasa da ake ba masana. Ta rasu a Minna a 1984. Idan takardar naira 20 ta shigo hannunku, ku juya bayanta: matar da ke sunkuye kan tulu, ita ce.

Bayanta wasu matan sun shiga cibiyar, irin su Halima Audu, Asibi Ido da Lami Toto. A 1974 wata matashiya 'yar Kenya, Magdalene Odundo, ta zo Abuja ta koyi ginin hannu a wurin matan cibiyar. Yau tana cikin manyan magina na duniya.

Wa ya amfana, kuma nawa abin ya ci?

A nan sai a faɗi gaskiya. Shirin farko shi ne matasa su koyi aiki su koma garuruwansu su buɗe nasu wuraren, Nijeriya ta rage sayo kwanuka daga waje. Wannan buri bai cika ba. Gina tanderu yana cin kuɗi, toyi ɗaya yana cin itace tuli, haɗa ruwan ƙyalli yana neman kayan niƙa dutse da ilimin auna haɗi. Duk wannan sai ya hau kan farashin kofi.

A lokaci guda kuma kwanukan samira da langa na kamfani sun cika kasuwanni. Suna da araha, ba sa fashewa, ga launi mai ɗaukar ido, har suka zama kayan jeren amarya a ƙasar Hausa. Uwar gida da ke lissafin cefane ba za ta bar su ta sayi faranti mai tsada ba. Saboda haka masu sayen kayan Abuja suka zama manyan ma'aikata, da Turawa, da masu tara kayan fasaha a ƙetare. Gwamnati ce ta ci gaba da ɗaukar nauyin cibiyar. Mutumin da ya fara sana'a da burin yi wa talaka kwano, sai ga kayansa a gidajen masu hali.

Ribar ta fito ta wata ƙofa. Sunan magina 'yan Afirka ya shiga gidajen tarihi irin su Victoria and Albert na Landan, kuma tulun Ladi Kwali yau dubban fam ake saye a kasuwar gwanjo. Sai dai kada a manta cewa tsarin mulkin mallaka ne ya ba Cardew muƙami da albashi da ikon shugabanci a kan mutanen da wasunsu suka fi shi gwaninta a ginin hannu. Abin yabonsa shi ne ya ga gwanintar, ya faɗe ta a fili, ya kuma bari kowane magini ya buga alamar sunansa a jikin abin da ya gina.

Yaya ya ƙare rayuwarsa?

Ya ci gaba da aiki a Abuja bayan Nijeriya ta samu 'yancin kai a 1960, har ya yi ritaya a 1965, wani ɗan ƙasarsu, Michael O'Brien, ya gaje shi. Ya koma Wenford Bridge yana gini yana koyarwa. A 1968 ya je arewacin Ostareliya ya taimaka wajen koyar da 'yan asalin ƙasar. A 1969 ya fitar da littafinsa Pioneer Pottery, wanda ke koya wa magini yadda zai nemo yumɓu da duwatsu a inda yake zaune ya yi aiki da su. Ilimin da ya tara a Ghana da Nijeriya ne ya zuba a ciki, magina kuma suna karanta shi har gobe. Ya rasu ranar 11 ga Fabrairu, 1983, yana da shekara 81. Daga baya aka sa wa cibiyar Suleja sunan Ladi Kwali.

Ina ruwan mutumin N'Djamena da wannan labari?

Ruwansa da tsaki. Ƙasar da N'Djamena ke kanta ƙasar magina ce tun kafin a kafa garin da sunan Fort-Lamy a 1900. Mutanen Sao sun zauna kudancin Tafkin Chadi ɗaruruwan shekaru, har zuwa ƙarni na 16. Sun gina garuruwa masu ganuwa, sun yi aikin tagulla, sun toya randuna manya da har ake binne mamaci a ciki. Tun daga shekarun 1930 masu binciken tarihi na Faransa, irin su Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf, suka fara tono kayansu. Za ku iya ganin wasu a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke cikin birnin. Ko ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Chadi ma da sunan Sao ake mata kirari.

Sana'ar ba ta mutu ba. Kimanin kilomita 10 daga birnin akwai ƙauyen Gaoui, wanda ake furtawa Gawi, garin Kotoko, mutanen da ke danganta kansu da Sao. Ƙauyen ya yi suna da gidajen ƙasa masu zane, da tsohuwar fadar sarki da aka mayar gidan tarihi, da matan da ke gina tuluna da randuna da hannu. Abin da Cardew ya tsallako teku ya gani ya girmama, ku yana nan a bayan gidanku. Da tsohuwar zuma ake magani.

Me za ku iya yi?

Ku kai yara Gaoui da gidan tarihi, domin gani ya kori ji. Yaron da ya ga curin laka ya zama tulu a hannun tsohuwa ba zai ƙara raina sana'ar ba.

Ku bambanta sabon gini da tsohon kayan tarihi. Sayen sabon tulu taimako ne ga mai sana'a. Amma siffofin Sao da ake tonowa a ɓoye suna cikin jerin kayan Afirka da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta yi gargaɗi a kan fataucinsu, tare da na Nok na Nijeriya. Duk wanda aka tono aka fitar, an yage shafi guda daga tarihin ƙasa. Idan wani ya yi muku tallarsu, ku ƙi.

Idan kun je sayen randa, ku ƙwanƙwasa ta da yatsa. Wadda ta toyu da kyau amonta a sarari yake, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Ku biya kuɗin da ya dace da wahalar haƙo yumɓu, da kwaɓa shi, da gini, da shanya, da toyi.

Sannan ku tambayi sunan wadda ta gina ta. Mata dubbai sun gina tuluna masu kyau a ƙasar Gwari da ƙasar Kotoko da ƙasar Hausa, sun rasu ba wanda ya rubuta sunansu. Ladi Kwali ta fita daga cikinsu ne saboda wani sarki ya ajiye tulunta a fadarsa ya riƙe sunanta, wani baƙo kuma ya gani ya ce a kai shi wurin mai shi. Randar da ke tsakar gidanku ma tana da mai ita, kuma mai yiwuwa ba ta fi tafiyar rabin awa daga ƙofarku ba.